Jinin Yaya Zuliha

Direban bas ɗin ya karɓi kular daga hannun Ndako da hannu biyu.

"Kayan asibiti ne? Ai wannan ba ya zama a but. Gaba zai zauna."

Ya ajiye ta kusa da shi, daidai saman inji. Ndako, da aka cusa can baya tsakanin buhunan doya, bai ga inda aka sa ta ba. Har godiya ya yi.

A cikin kular akwai ƙanƙara da jinin yayarsa Zuliha, mai fama da cutar jijiyoyi da likitoci ke kira MS. Ndako ɗalibin digiri na biyu ne, yana binciken wasu ƙananan ƙwayoyi, maikro-RNA, da ake zargi da sassauta shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga abin da jini ke ɗauke da shi. Jinin da aka ɗiba lokacin da ciwon ya tashi yake bukata, kuma a duk Minna ita kaɗai ya samu. Da safen nan aka ɗiba, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, amma tana ta tsokanar nas.

Tirela ta kife a hanyar Bida, kamar yadda ta saba. Sai bayan la'asar suka isa jami'a a Gidan Kwano. Da ya buɗe kular, ƙanƙarar ta narke, ɗumin ruwan ya isa a yi wa jariri wanka.

Farfesa Gaiya, mai duba aikinsa, ya ɗaga kwalbar jinin, ya mayar.

"Zafi ya gama da ƙwayoyin. Sai ka jira ciwon ya sake tashi."

Ya faɗa kamar mai maganar jiran albashi.

Ranar da aka sallamo Zuliha daga asibiti, Ndako ya je gidanta a unguwar Ketaren Gwari. Ya tarar da ita tsaye a tsakar gida, ba sanda, tana shanya. Daɗi ya kama shi, sannan kunya ta biyo baya, don ya san abin da digirinsa ke jira.

"Malamin bincike, me jinina ya ce?"

"Yaya, bai isa ba. Ya lalace a mota."

Ta matse zanen da ke hannunta, ta rataya.

"To, kada ka damu. Ai ciwon yana dawowa. In ƙafar ta fara, kai zan kira kafin likita."