Baƙina na Cikin Tanki

Sau uku Zuweira duba-gari tana tsoma ludayinta cikin tankina, sau uku yana fitowa da tsutsar sauro tana mutsu-mutsu. Ni kuwa sai kai-komo nake tsakanin tankin da bakin ƙofa.

Tankin nan da hannuna na gina shi, duk unguwarmu ta Nyohini babu irinsa. Wata biyu famfo bai ɗiga ba, gida biyar ke ɗiba a wurina. Da maƙwabta suka kai ƙarar sauro, ofishin duba-gari ya ce a zubar da ruwan. Zuweira ce ta roƙa mini, ta kawo wasu ƴan kifaye a bokiti, ta ce su za su cinye tsutsar.

"Baba Seidu, ina kifayen?"

Na ƙwanƙwasa bakin tankin. Suka taso gaba ɗaya, kowanne ya yi ɓulɓul kamar ɗan yatsan mai kuɗi.

"Kin gani? A rame kika kawo su."

"Me kake ba su?"

"Dusa da safe, ragowar tuwo da yamma. Ran Juma'a har da ɓawon ƙosai."

Ta ajiye ludayin, ta zauna a kan turmi. Matata Lamisi, da ke tankaɗe a gindin bango, ta ce, "Na faɗa masa. Ni ma bai kiwata ni haka ba."

"Baba, wanda ya ƙoshi da tuwo zai bi tsutsa? Yunwa ce ke sa su aiki."

"Ƴata, kin san da wa kike magana? Shekarar tamanin da uku, da mutane ke cin ɗanyen rogo, bakin mutum goma sha ɗaya na riƙe, ko ɗaya ban binne ba. Ban yi boko ba, amma abin da ke ƙarƙashin rufina bai taɓa kwana da yunwa ba. Ko akuya."

"Na sani, Baba. Jibi maigidana na ofis zai zo da kansa, shi ba ya zama a turmi. In ya ga tsutsa ɗaya, a gabanka za a buɗe ruwan nan ya bi kwata."

Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Na zauna, na tashi. Na je masallaci tun ba a kira azahar ba, na dawo. Matar Tijani tela ta shigo da jarka biyu, ta gaishe ni, ta ɗiba ta fita, ba ta san komai ba. Duk sanda inuwata ta faɗa kan ruwan sai kifayen su taso, bakuna a buɗe.

Da la'asar Lamisi ta ajiye mini tuwo da miyar kuka a inda na saba ci, kusa da tankin. Na wanke hannu. Suka taso.

"Lamisi, ɗauke dusar nan ki ɓoye inda ban sani ba."

"Tuwon fa?"

Na rufe kwanon, na ɗauka.

"Unguwar Changli za ni, gidan ƙanena. Ba zan ci suna kallona ba."