Ƙafar da Ba Ta Zaman Tahiya

Ramlatu ta juya tafin ƙafar robar sama, ta tsaya tana kallo. Wata uku ke nan da ta kawo wa mahaifinta ita, amma tafin fes yake, ko jar ƙasar tsakar gida bai ɗauka sosai ba. A bayan ƙyauren ɗakinsa ta same ta, an naɗe ta da tsohon rawani.

"Inna, yaushe rabon Baba da sa ƙafar nan?"

Hansatu, mahaifiyarta, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Yana sawa mana."

"Yaushe?"

"Duk ranar da kika ce za ki zo."

Yau kuwa ba ta ce za ta zo ba. Daga wurin aikinta, sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Rano, ta hau mota zuwa Kibiya. Shekara biyu tana karatun digiri na biyu kan haɗa ƙafafu da hannayen roba, a wata jami'a mai nisa da ba ta taɓa ganin ƙofarta ba. Idan ta tashi daga aiki sai ta zauna a gindin darbejiyar bayan asibiti, inda sabis yake kamawa, ta saurari darasi ta waya. Ƙafar nan ita ce aikinta na ƙarshe. Da hannunta ta ɗauki awon dungun da filasta, ta yi sati biyu a Kano tana haɗa ta. Abin da ya rage, kafin ƙarfe biyar na yau ta aika bidiyon mai ƙafar yana tafiya da ita, da rahoton yadda ya ji daɗinta.

Ƙarar sanduna ta fara ji daga zaure. Malam Halliru ya shigo, ƙafar wandonsa ta hagu a ƙulle a ƙasan gwiwa. Shekara ashirin da shida yana limancin masallacin unguwar kafin ciwon suga ya ci ƙafar. Ya ga 'yarsa, ya ga abin da ke hannunta, sai ya yi murmushin wanda aka kama.

"Uwata, haka ake zuwa babu sanarwa?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, haka yake kiranta.

"Baba, wa ya ja Azahar?"

"Malam Nuruddeen."

"Ka ce min ka koma gaba."

 Ya zauna a kan turmi, ya karɓi ƙafar, ya zura dungun cikin gurbinsa, ya miƙe. Ya taka har gindin rumbu ya dawo, babu sanda, babu ɗingishi.

"Kin gani? Wallahi aikinki ya yi. Ɗauki hoton naki."

"To me ya hana ka sawa?"

Hansatu ta ajiye rariya. "Malam, nuna mata. Ta isa ta sani."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya nufi tabarma. Ya durƙusa, ya yi ƙoƙarin naɗe ƙafar ya zauna a kanta kamar yadda ake zaman tahiya. Bakin gurbin ya cije shi a bayan gwiwa, tafin ya kafe a tsaye ya ƙi kwanciya. Ya karkace gefe, ya dafa ƙasa da hannu, gumi ya tsatso a goshinsa.

"Ranar da kika kawo ta na shiga gaba da Magariba," ya ce yana haki. "A raka'a ta biyu haka ta faru. Na kife gefe, sahu uku suna bayana, shiru, suna jira na. Da aka sallame na kira dattawa, na ce daga yau Nuruddeen ne liman."

Ramlatu ta dubi ƙafar. Takardar tambayoyin da makaranta ta aiko ta tuna. Yana hawa bene? Yana tuƙa mota? Awa nawa yake yi a kan kujera? Ɗaya bayan ɗaya ta karanta masa, ta cike kowane gurbi, a gidan da babu bene, babu mota, kujera ɗaya ce kuma ta baƙi. Mutumin da rayuwarsa kaf tsakanin tsayuwa da sujada take, ba ta tambaye shi yadda yake zama ba. Ita da take salla sau biyar kullum.

"Wata uku, Baba! Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ga yadda kika rame a kan karatun nan. Kin ce malamanki sun yaba. Wane ni in ce ba ta yi ba?"

"Shirun nan ne ya ci ƙafar farko!"  "Ƙaya ta soke ka, wata huɗu ana shafa man shanu ana cewa zai warke, kowa yana jin wari, babu wanda ya buɗe baki. Yanzu ma shiru? Yini ɗaya ya ishe ni in rage bakin nan. Yini ɗaya!"

"Ke Ramlatu, ubanki ne fa," in ji Hansatu a hankali.

"Ƙyale ta, gaskiyarta ce." Ya miƙe da ƙyar, ya gyara rigarsa. "Lokaci yana tafiya. Kunna wayar in taka miki."

Ta kunna. Amma ba ta ɗaga wayar sama ba, ƙasa ta saita ta, wajen tabarma.

"Ba tafiya ba, Baba. Zaman za ka sake yi."

"Malamanki za su kayar da ke."

"Su kayar. Su ma su gani."

Ya sake durƙusawa, ya sake kifewa, ita kuwa tana ɗauka. Da ta kashe, ta goge idonta da mayafi.

"Zan tafi da ita. Ranar Asabar zan dawo da ita tana naɗewa. Sai ka koma gaba."

Malam Halliru ya zare ƙafar a hankali, ya miƙa mata.

"Gyara ta, Uwata, zan sa. Amma a gaban jama'a na miƙa wa mutumin nan limanci. Ba zan je in ce ya ba ni kayana ba."

Aka kira La'asar. Ya yi alwala a kan turmi, ya ɗauki sandunansa. Hansatu ta ce a ƙarshen sahu yake zama yanzu, jikin bango, inda zai jingina su.

Ramlatu ta aika bidiyon. Sannan ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ciro biro, ta ja layi a bayan gurbin, daidai inda ya kamata ta yanke tun wata uku da suka wuce. Ta bayan katanga, lasifika ta kawo muryar Malam Nuruddeen yana cewa a daidaita sahu.