Askar Gidan Jatau

Mijina Ɗantani wanzami ne, kuma ciwon karkarwa bai ga wurin sauka ba sai hannunsa na dama. Aska ta gagare shi, ko kofin koko sai na riƙe masa. Ɗanmu Mamuda ya kai shi Indiya, likitoci suka huda kai suka zura wasu siraran wayoyi, suka binne batir a fatar ƙirji. Ya dawo Talata Mafara da hannu tsaye cak, aka yi ta barka. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san abin da aka baro can. Mutumin da ke cika zaure da zance, yanzu sai ya nemi sunan buta ya rasa. Likita ya ce hakan kan sami wasu. To, mu ne wasun, kuma na gaji.

Ran nan wani Abdulhamid ya zo daga Maradun, an yi masa haihuwa. Shi an haife shi ne shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci ƙauyensu, ana ta kwasar kaya, ba wanda ya tuna da tsaga. Ubansa Jatau ya rasu, dangi sun watse. Yana son a yi wa ɗansa askar gidansu, kuma a masu rai Ɗantani kaɗai ya taɓa yin ta.

Ran suna na bi Ɗantani, don ni ke riƙe da rimot ɗin na'urar da aka sa masa. Ya aske kan jariri tas, ko ƙwarzane babu. Ya kai aska kunci, sai ya tsaya. Ya daɗe.

"Barira, nawa na?" ya tambaye ni.

"Malam, ni 'yar Morai ina ni san askar gidanga?"

Ya dubi Abdulhamid, kunci sumul. Ya ajiye askar.

"Kashe abin ga," Ɗantani ya ce mini.

Na kashe. Muka zauna jira, tuwon suna yana hucewa. Can hannun ya soma tsohon halinsa, idon kuwa ya washe.

"Na gane ta. Ga ta nan, kamar yanzu ni yi ta," in ji shi.

Bakin bai kawo bayanin ba, sai ya duƙa zai zana a ƙasa. Yatsan ya yi ta tsalle, layi ya hau layi, ba ka cewa uku ne ko biyar. Ya ce in kunna. Na kunna, hannu ya kwanta, ya zura wa zanen ido bai gane shi ba, kamar aikin kaji.

Na tattara zabira ina jin kunya da tausayi. Abdulhamid ya miƙa wa matarsa jaririn, kunci sumul irin nasa. Sannan ya ɗauko ƙwarya ya kife a kan zanen, kada wani ya taka.