Marin Hamidu

A jami'ar da ke Kalgo, in ka ce Farfesa Sirajuddeen sai a tsaya tunani, amma in ka ce Mai Kwance Mari har masu sayar da rake a bakin ƙofa za su nuna maka ofishinsa. Likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya yi rubuce-rubucen da ake karantawa a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, ya yaye likitocin da yanzu su ma suke da ɗalibai. Amma aikin da ya ba shi suna shi ne bin ƙauyuka, shi da Sista Dibora, wata babbar nas 'yar Zuru, suna lallashin mutane su cire wa masu taɓin hankali mari da turu, a koma ga allurar wata-wata. A Ceberu sun kwance, a Malisa sun kwance. Ƙarafan da aka cire suna rataye a bangon ofishinsa, baƙi suna ɗaukar hotonsu. Kwanan nan ma aka yi masa tayin shugabancin wata cibiya a ƙasar waje.

Abin da baƙin ba su sani ba, akwai mari ɗaya da bai zo bangon ba. Yana ƙafar Hamidu, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗakin baya na gidansu a Gwandu.

Ciwon ya kama Hamidu yana saurayi. Wata damina ya fita bai dawo ba, sai manoma suka tsamo shi daga fadama ruwa ya kai masa wuya. A ranar ne mahaifiyarsu, Inna Hadijatu, ta sa aka kira maƙeri, ta ƙulle mabuɗin kwaɗon a bakin zanenta. Allura kam ta yarda a yi, kuma ta yi aiki, don Hamidu ya daɗe da dawowa hayyacinsa, har hula yake ɗinkawa. Marin ne dai ta ƙi.

To me ya hana farfesa guda ya yi wa tsohuwa bayani? Shi ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa masa kai tsaye. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kawunsa a Birnin Kebbi, kamar yadda aka saba. In ya zo gaishe ta ran Juma'a, sai ta juya ga bango ko ga kajinta ta ce, "A hwaɗa ma baƙon Kalgo an gode." Mutumin da ya shawo kan masu unguwanni da malamai masu taurin kai, sai ga shi durƙushe yana magana da ƙeyar uwarsa. Abin yana ci masa rai, kuma kawo maƙeri a bayan idonta ba abu ne da zai iya ba.

Dibora kaɗai ta sani a wurin aiki, don ita take zuwa yi wa Hamidu allurar. Ba ta taɓa goranta masa ba. Sau ɗaya dai, suna dawowa a mota, ta ce, "Ranka ya daɗe, idon sawun Hamidu ya fara rami." Ya yi ta kallon gonakin gero har suka shiga Kalgo.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya shiga ɗakin baya ya tarar da Hamidu zaune, ƙaramar rediyo a gefen turun.

"Yaya, na jiya ka jiya a rediyo," in ji Hamidu, yana murmushi. "Kac ce ɗan Adam ba akuya ba ne da za a ɗaure. Wallahi ka iya magana."

Babu zargi a muryarsa, alfahari ne zalla, kuma wannan ne ya fi yi wa Sirajuddeen zafi. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Ya fito tsakar gida. Inna tana kan tabarma tana tsince wake. Maimakon ya durƙusa daga nesa yadda ya saba, sai ya zagayo ya zauna a gabanta. Ta yi maza ta juya wa bango fuska.

"Inna, Hamidu ya samu lahiya. Ki ba ni mabuɗin."

"A hwaɗa ma baƙon Kalgo ya hwara manta ladabi."

"Na manta. Ki yahe mani. Amma ba ni tashi."

Kaji suka zo suna tsattsagar waken, ba ta kore su ba. Da ta buɗe baki, bangon ta yi wa magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na hwarin, a bayana anka kwance shi anka ba wani. Ban yi kuka ba, kunya ta hana. Ya girma can, ya zama na mutane. Wanga shi ɗai an nawa. In an cire mai ƙarhen nan, ko ruwa su ɗauke shi, ko a sa shi mota a kai shi asibiti. Dud dai ni za a bari da bango."

Shekara da shekaru Sirajuddeen yana koya wa ɗalibai cewa tsoro ne ke ɗaure mara lafiya, ba mugunta ba. Bai taɓa tunanin cewa shi ma yana cikin abin da ya sa aka ƙera marin nan ba.

"Ba inda za a kai shi," ya ce.

"In ya hita, wa ka bin shi? Ni ƙahwahuna sun ƙare."

Ya tuna da cibiyar ƙasar waje, da amsar da suke jira. Ya san abin da zai faɗa, kuma ya san in ya faɗa a gaban Inna babu janyewa.

"Ni. Zan dawo zaure da kwana. In tahi aiki da sahe, in dawo."

"Har yaushe?"

"Har ki ce ya isa."

Ba za ta taɓa cewa ya isa ba, su biyun sun sani. Ta daɗe tana kwance ƙullin bakin zanen, don ya ci ya zama kamar dutse. Ba ta miƙa masa a hannu ba. Ta ajiye mabuɗin a kan tabarma, ta tura shi da ɗan yatsa.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Hamidu ya miƙe ya fito tsakar gida yana 'yan gajerun taku, don ƙafafun ba su san an sake su ba. Ya tsaya yana kallon bishiyar darbejiya da aka dasa bayan an ɗaure shi.

Sirajuddeen ya kira Dibora ya ce ta turo masa katifa da kayan sawa, maganar tafiya waje kuma a bar ta. Marin bai kai shi bangon ofis ba, Inna ta sa a ƙarƙashin gadonta, ko da za a yi saɓanin alkawari.

Da la'asar sakaliya yana zaune a zauren da zai zama ɗakinsa, sai ya jiyo Inna tana ba Hamidu akushi.

"Ungo, kai ma mutumin gidanga tuwonai," ta ce. "Ka ce mai in bai ƙoshi ba akwai saura."