Zuciyar Bijimi a Aji

Zamanin da Nasara suka buɗe makarantar boko a Sakkwato, aka ba Malam Maccido darasin sanin halitta da kiwon lafiya. Ɗan mahauta ne daga Ƙofar Atiku, amma bai taɓa faɗa wa kowa a makarantar ba, don almajiransa duk 'ya'yan hakimai ne, kuma ɗan sarauta ba ya russuna wa mahauci. A gida ma ba shi da abokin hira. Tun ran da ya ajiye wuƙa ya ɗauki alli, 'yan'uwansa suka daina kiransa cin tuwo.

Abin da ke cinsa shi ne yaran ba su rubuta kome daga kansu. Sun saba da karatun allo: malam ya faɗa, a kwafa, a haddace, a wanke. In ya ce su rubuta yadda jini ke yawo a jiki, sai su rera abin da ya faɗa jiya baki ɗaya kamar masu tilawa, ba wanda ya san abin da bakinsa ke faɗi.

"Ku rubuta abin da kun ka gani da idonku," in ji shi.

"Allah shi gafarta malam, ba mu ga komi ba," in ji Junaidu, babban cikinsu, mai bakin tsiya. "Kai dai faɗa muna mu rubuta."

Gaskiya yaron ya faɗa. Don haka wata safiya Maccido ya bi ta mayanka, wurin wansa Mode. Mode bai ko ɗaga kai ba.

"Malamin Nasara, mi ya kawo ka cikin jini da farar riga?"

"Zuciya nika so, Yaya. Ta bijimi, wadda ba a tsaga ba."

Mode ya naɗe ta a ganye, ya tura masa da bayan wuƙa, ya juya ga mai sayen hanta.

A aji ya ajiye ta bisa tebur, yara suka ja da baya suna toshe hanci. Ya yi niyyar ya yanka ta a karkace, kamar wanda bai iya ba, don ya rufa wa kansa asiri. Amma in ya yi haka ɗakunan ciki za su lalace, ba abin da za a gani. Sai ya naɗe hannun riga, ya goga wuƙa a tafin hannu sama da ƙasa yadda ubansa ke yi, ya yi bisimilla, ya zare kitse a jan farko, ya buɗe zuciyar gida biyu ba tare da ya taɓa jijiya ba.

Sai Junaidu ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai! Wanga hannu ba na alli ba ne."

Dariya ta ɓarke. Maccido ya zura karan gero ta wata jijiya ya fito ta wani ɗaki, ya zuba ruwa ya nuna musu ƙofar da ke buɗewa gaba ta ƙi komawa baya. Masu toshe hanci suka matso har suna ture juna.

"To, kun gani. Ku rubuta. Ba ni faɗa muku ko kalma guda."

Suka duƙufa. Da aka tashi, ba wanda ya zo ɗaukar masa littattafai yadda aka saba, kuma kafin azahar labari ya kai ga sauran malamai. Suka ja tabarmarsu can gindin durumi suka bar shi.

Ya zauna a aji shi kaɗai da tarin alluna. Na farko ya ce malam mahauci ne. Na biyu ma haka. Junaidu ya cika allo ciki da baya: yadda malam ya riƙe wuƙa, da cewa bangon zuciyar na hagu ya fi na dama kauri, ya ƙare da tambaya ko zuciyar mutum ma haka take. Ba allo biyu da suka zo iri ɗaya.

Maccido ya gyara kurakurai ɗaya bayan ɗaya, bai share maganar mahauci a ko ɗaya ba. Ya ci furarsa nan bisa tebur, yana tunanin ko Mode zai yarda ya ajiye masa huhu gobe.