Huseina Ta Hau Layi

"Sake shi, Auta! Na ce ka sake shi!"

Hure na tsaka da tankaɗe ta jiyo ihun ta kan katanga. Ta yar da rariya, ko mayafi ba ta tsaya nema ba, ta bi ta ɓarakar da ke tsakanin gidanta da na maƙwabciyarta. Ta tarar da Huseina a ƙasa. Tsohuwar da tari ya kwantar tun farkon damina ta rarrafo daga ɗaki har bakin murhu, ta cafke ƙafar wandon autanta Khalilu. Shi kuwa ya ɗaga katin zaɓenta a saitin wuta.

"Gwaggo Hure, ki gaya mata," in ji Khalilu. "Cetonta nake yi. Mutum na bakin kabari, a ce aikinsa na ƙarshe dangwala wa ɗagutu yatsa ne?"

Hure ta fizge katin ta cusa a ƙugun zaninta. "Uwarka ce a ƙasa, Khalilu. Ɗaga ta tukuna, sannan ka yi mana wa'azin."

Ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ya mai da ita kan tabarma, ya gyara mata matashi. Sannan ya fice bai kalli kowa ba.

Shekarar ta zo wa Tsamiyar Dabo da wuya. Gero na cikin bununi ruwa ya ɗauke, kullum hadari ya haɗu ta gabas sai iska ta watse shi. A rediyo ana ta cewa a tsuke bakin aljihu, kamar talaka na da aljihun. Sabulu ma sai wanda ya san wani a kasuwar Gezawa. Cikin wannan hali aka sallami Khalilu daga masaƙar da yake aiki a Kano, shi da ɗimbin ma'aikata. Ya yi ta kwana a tasha har wasu masu wa'azi suka tsince shi, suka ba shi tuwo da wurin kwana, suka ce masa gwamnati da zaɓe da duk abin da ya raɓe su kafirci ne. Ya dawo gida da ɗangalallen wando. Ba ya bin limamin gari salla, ba ya cin abincin maƙwabta. Amma shi ke ɗebo wa uwarsa ruwa, shi ke dama mata kunu, shi ke wanke tsumman da take tofa jini a ciki. Shi ya sa Hure ta kasa tsanarsa.

Ita kuwa Huseina, kowa a garin ya san labarinta. Tun zamanin Sawaba, lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a, take ɗaukar ƙwaryar fura ta bi mijinta Badaru wurin taron jam'iyyar talakawa, ta sayar da furarta, ta kuma rera musu waƙa. Dagacin wancan zamani ya sa aka kama su. Aka zane ta a bainar jama'a, shi kuma Badaru aka kai shi kurkuku, ya fito da ciwon da ya zama ajalinsa. Sai a zaɓen da ya wuce mata suka fara dangwalawa. Hure ba ta manta ranar ba: Huseina ce ta bi gida-gida tana fito da su, ta ja su kamar uwar biki, aka kai makarantar da ake zaɓe ana guɗa. Bayan nan aka soke haraji, mazan garin suka daina ɓuya a rumbu.

Hure ta zauna ta ɗora ƙafafun Huseina kan cinyarta tana matsa mata.

"Yaya, ki haƙura da zaɓen goben nan. Jam'iyyar taku ma ta rabe gida biyu, manya na ta cin mutuncin juna a kan kujera."

"Na sani, Hure. Ciwo nake, ba kurma na zama ba." Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki. "Duniyar nan gida biyu ce, masu gumi da masu shan gumin. Akwati ba ya sa ruwan sama, ba ya cika rumbu. Amma rana ɗaya ce tal da ni da mai rumbu goma muke zama mutum ɗaya-ɗaya. Katin nan da fatar bayana na saye shi."

"To shi yaron fa?"

Huseina ta ɗaga ido ga azara. "Yunwa ce ta kai shi wurinsu. Da namu mutanen ne suka tsince shi a tashar, da wata waƙar yake yi yanzu. Ina suke lokacin? Suna rabon kujera." Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. "Ni da na koya masa Fatiha a bayana, yau ni yake tsoron wuta ta ci."

Washegari da hantsi Hure ta shigo ta tarar da ita a zaune, ta ɗaura zanin saƙi, ta sa kwalli. Hure ta sa kafaɗa ta tallafe ta. Suka taka a hankali har zaure, nan ƙafafun Huseina suka ƙi. Ta sulale ta jingina da bango tana haki.

Khalilu na zaune a ƙofar gida kan buzu, yana jan carbi na yatsu. Ya dube su, ya kau da kai.

"Mu koma, Yaya," in ji Hure.

"Ki tafi. Ni zan rarrafo."

Kuma ta sa gwiwa a ƙasa da gaske. Tafin hannunta na taɓa turɓayar ƙofar gida Khalilu ya miƙe zumbur. Ya zo gabanta ya juya baya ya durƙusa.

"Hau, Inna."

Hure ta taimaka ta ɗora ta, ta kwance mayafinta ta ɗaure su tare kamar goyon jariri.

"Ki sani, ba wurin akwati zan kai ki ba," ya ce. "Uwata na goya."

"Goya dai, Auta. Niyyarka tsakaninka da Allah."

Haka suka ratsa gari. Wasu masu zama a gindin bishiya suka miƙe tsaye. Wata mata ta fara guɗa ta cikin gida, sai ta haɗiye.

A makarantar firamare suka tarar da layi ya miƙe har bakin darbejiya, na maza daban, na mata daban, amma ba mai motsi. Teburin malamin zaɓe wayam, sai tawada. Tsoho Iliyasu maƙeri ne ya tare su yana karkaɗa sanda.

"Huseina, kin makara, mu ma mun makara! Wasu sun zo da mota tun da safe, sun ce akwati ya cika, sun tafi da shi. Ya cika da wa? Mu nan ko mutum ɗaya bai dangwala ba!"

Hure ta dubi Khalilu, tana jiran ya ce ai dama ya faɗa. Shi kuwa gyara goyonsa kawai ya yi.

"Sauke ni," in ji Huseina.

"Inna, an ce babu akwati."

"Na ji. Sauke ni a layi."

Ya sauke ta a ƙarshen layin mata. Ta tsaya da ƙafarta, hannu ɗaya a wuyan Hure, ɗaya riƙe da katin a ƙirjinta. Matan da suka fara watsewa suka dawo suka jeru a bayanta. Malamin zaɓe, wani saurayi da ba ɗan garin ba, ya taso yana murza hannu.

"Inna, ki yi haƙuri ki koma gida. An gama."

Huseina ta dube shi, sannan ta juya ga ɗanta. "Ka ji ko, Auta? Kai ka ce haramun ne, su sun ce an gama. Bakinku bai zo ɗaya a komai ba sai a kan in koma gida."

Khalilu ya sunkuyar da kai. Huseina ta tsaya har rana ta take tsaka, gumi na bin kwallin idonta. Da gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa, bai jira a kira shi ba, ya zo ya durƙusa.

"Ta gona za mu bi," ta ce da suka bar makarantar.

Suka ɗauki 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, Hure na biye. Geron ya tsaya da kai babu ƙwaya, ganyensa ya nannaɗe. Huseina ta kwantar da kunci a kafaɗar ɗanta tana kallo.

"Geron ya tafi. Amma in aka samu ruwa a kwanakin nan, dawa za ta tashi. Kada ka ce kai kaɗai za ka yi mata maimai. Ka kira gayya."

"To, Inna."

"In sun zo, ka zauna ka ci tuwo da su. Ƙwarya ɗaya. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

Daga nan Hure ta ji Huseina tana kalmar shahada ƙasa-ƙasa, Khalilu na karɓa mata. Suka wuce gonar Iliyasu, suka wuce tsohuwar rijiya. Wajen kukar da ke kan iyaka, hannun Huseina ya zame daga kafaɗarsa ya yi lilo. Takalminta na dama ya faɗi kan kunya.

Hure ta buɗe baki za ta yi salati, ta ga Khalilu ya ɗan tsaya. Ya kai hannu baya ya kamo hannun uwar, ya mai da shi kan kafaɗarsa, ya danne da nasa.

"Inna, kin ga dawar tamu," ya ce. "Ta gefen kwari ma ko yaushi ba ta yi ba."

Hure ta toshe bakinta da gefen zani. Ta duƙa ta ɗauki takalmin, ta kaɗe masa ƙasa. A gabanta Khalilu na tafiya sannu-sannu tsakanin karan gero, yana zaɓen inda zai sa ƙafa, kamar mai gudun kada goyonsa ya farka.