Karkarwar Babur ɗin Baba

Nguyet ta sake jona kwamfutarta da akwatin da ke sarrafa injin babur ɗin. Ta zauna, ta tashi, ta koma ta zauna. Yayanta Khiem yana bakin ƙofa, sai kaɗa makulli yake a yatsa.

"Jiya bangon maƙwabta Baba ya daka, da tukunyar romon Mama a baya," in ji shi. "In yau ya kasa fita lungun nan lafiya, shi da makullin nan har abada."

Mahaifinsu, tsoho Tuat, yana kan 'yar kujerar roba, ya riga ya sa hular kwano. Kunnensa ya yi nauyi, amma ya san zancensa ake yi. Tun Nguyet tana goye yake kai romon taliya kasuwar garinsu, Can Tho, kowace safiya, kuma kowa a gidan ya san ranar da ya daina, a ranar ne tsufa zai kama shi da gaske.

Ita ta kawo masa wannan babur mai batir. Aikinta ke nan a kamfani, daidaita wutar da ke shiga inji mai maganaɗisu don ƙarfin juyinsa ya zo sumul, ba fizga ba karkarwa. Shekaru ta yi tana yaƙi da karkarwar nan, har ƙarin girma ta samu a kanta. Yanzu ga layin da ke nuna juyin injin a allon kwamfuta a miƙe sak, ba laifi ko ɗaya, kuma wannan ne ya hana ta sukuni.

Ta durƙusa, ta ɗaga murya. "Baba, me ya faru jiya?"

"Abin nan naki gawa ne. Na murɗa, shiru. Na ƙara murɗawa, sai ga bango."

"Ai tun murɗawar farko yake ja."

"To wa ya gaya mini? Tsohon babur ɗina ko ban ji shi da kunne ba, tafin hannuna yana ji."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa. Akwai wata hanyar sarrafa inji da take yi wa ba'a a ofis, mai saurin amsawa amma tana sa inji rawar ɗari. Ita ta zaɓa, ranta yana sosuwa, sannan ta rage ƙarfin tashin farko.

Khiem ya leƙo. "Injiniya, layinki ya koma haƙoran zarto. Gyara kike ko ɓatawa?"

"Ba shi makullin, Yaya."

Tsohon ya hau, ya murɗa kaɗan. Kan babur ɗin ya ɗauki karkarwa, nan take ya sassauta hannu. A hankali ya wuce bangon da ya tsaga jiya, ya karya kwana ya ɓace. Nguyet ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba sai da ta hango hular kwanon tana dawowa.

Ya tsaya daidai ƙafar Khiem, ya zare makulli ya jefa a aljihunsa.

"Yanzu ya zama babur," ya ce da ita. "Ki nuna wa mutanen ofishinku, ko sa koyi aiki."

"To, Baba," in ji Nguyet. Ta rufe kwamfutar, ta shiga ciki ta ɗauko tukunyar romo.